Wane Ne A Cikin Kabarin?



Mu uku ne muka rubuta littafin, mu ukun ne kuma muka sha kunyar, don haka ku yi haƙuri da "mu" ɗin da za ku yi ta ji har ƙarshe. Tare muka gama difloma, tare muka shiga ƙungiyar marubuta ta garinmu, kuma a zaman jiran aikin da ya biyo baya muka ce bari mu haɗa hannu mu yi littafin yaƙi irin wanda muka taso muna haya a shagon unguwa, mai sadaukai da bokaye da aljanu masu fukafukai. Ɗayanmu ya iya tsara yaƙi, ɗaya ta fi mu iya sa mutane magana, na ukun kuma shi ke riƙe da zaren labarin. Duk bayan kwana biyu mukan saki babi ɗaya ga masu karatu ta waya.

A babi na 19 muka kashe jarumin. Ba don labarin ya kai nan ba, sai don masu karatu sun fara cewa abin ya yi sanyi. Kisan kuwa ya yi kyau. Ƙanin mahaifinsa ne ya bashe shi, aka yi masa kwanton ɓauna a bakin kogi, aka kawo gawarsa gida da asuba. Muka rubuta wanka da likkafani da salla da kai shi makwanci. Muka rubuta zaman makoki, mahaifiyarsa na zaune a kan tabarma tana roƙon Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya ba shi ikon amsa tambaya. Masu karatu suka yi ta aiko da saƙon kuka. Kwana uku muna jin kanmu. A na huɗu muka farga ba mu da jarumi, ga sauran babi fiye da ashirin da muka yi alkawari.

Mafitar ba ta ba mu wahala ba, don tun muna yara take ajiye a kanmu. Wane ne a cikinmu bai kalli Karan Arjun ba? Fim ɗin 1995 ne, Salman Khan da Shah Rukh Khan wa da ƙane, mugu ya sa aka kashe su, uwarsu ta je gaban gunkin Kali tana kuka, aka sake haifar su a wasu gidaje dabam, suka girma suka dawo ɗaukar fansa. Kafin shi akwai Karz na 1980, bayansa akwai Om Shanti Om da Magadheera, har da Eega, wanda jarumin ya dawo a ƙuda. Muka ce shi ke nan. A babi na 21 aka haifi wani yaro a wani gari mai nisa, da tabo a haƙarƙarinsa daidai inda mashi ya soki jaruminmu. Ya taso yana mafarkin kogi. Muka ƙara masa wani tsoho a kogon dutse da ya buɗe masa "ƙofofi bakwai" na jikinsa, ya koya masa fita daga gangar jikinsa ya je ya gano sansanin abokan gaba ya dawo. Masu karatu suka ninka.

Da wannan alfaharin muka kai littafin zaman karatu na wata-wata a ƙungiya. Muka karanta babi na 19, muka tsallaka muka karanta na 21 da na 30. Aka tafa. Sai wani dattijo, tsohon malamin makaranta da ba kasafai yake magana ba, ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Yarana, na ji daɗin jana'izar nan, kun rubuta ta da kyau. Tambaya ɗaya gare ni. Wanda uwarsa ke roƙa wa hasken kabari, shi ne wannan da ke yawo da takobi a babi na 30?"

Muka ce, "Shi ne, Baba."

Ya ce, "To wane ne a cikin kabarin?"

Ɗakin ya yi tsit. Mun shirya wa wa'azi, har mun tanadi amsarmu ta kullum, wato ai labari ne. Shi kuwa bai yi wa'azi ba. Ya ƙara da cewa, "Na biyu, in ya mutu yana dawowa, me zai sa gabana ya faɗi in an zare masa takobi a babi na 40? In an kashe shi sai in jira babi biyu." Ya zauna abinsa.

A hanyar komawa gida ba mu yi wa juna magana ba sai da muka kusa rabuwa. Mai tsara yaƙinmu ya ce tsofaffin nan ba sa son ganin yaro ya yi abu sabo. Ita kuwa abokiyar rubutunmu ta ce a'a, gaskiya ya faɗa, mun binne mutum a wata duniya mun tono shi a wata. Wannan maganar ce ta hana mu barci, ita ce kuma ta sa muka dakatar da littafin muka koma karatu, abin da ya kamata mu fara yi tun farko.

Abu na farko da muka gano ya ba mu kunya fiye da tambayar dattijon. A tunanin mabiya addinin Hindu, dawowa duniya bayan mutuwa ba garaɓasa ba ce. Suna kiran zagayen haihuwa da mutuwa samsara, kuma babban burin mai neman tsira a wurinsu shi ne ya fita daga zagayen gaba ɗaya, abin da suke kira moksha. Abin da ke tafiya daga jiki zuwa jiki suna kiransa atman, abin da ke yanke irin jikin da zai shiga kuma shi ne karma, wato aikin da ya gabatar. Ke nan abin da masu shi ke neman kuɓuta daga gare shi, shi muka ɗauko muka ba jaruminmu a matsayin tukwici. Finafinan ma da muka kwaikwaya sun riga sun sassauta abin don ya dace da soyayya da ɗaukar fansa, amma ko ba komai su suna tsaye a kan ƙasar da ta san da shi. Uwar Karan da Arjun tana da wurin da za ta kai kukanta a cikin duniyar fim ɗin, an kuma nuna wanda ya amsa mata. Tamu uwar, wanda ta roƙa daban, abin da ya faru daban.

Karma ma da muke ta jefawa a rubutu kamar gishiri, har a hirar yau da kullum za ka ji an ce "karma ce ta kama shi", mun ɗauka alhaki ce da Indiyanci. Ba haka ba ne. In Bahaushe ya ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi, akwai wanda aka zalunta a cikin maganar, akwai Mai sakayya, akwai kuma ƙofar tuba da neman gafarar wanda aka cuta. Ita karma lissafi ne da ke bin rai daga wannan rayuwa zuwa waccan, har ana iya fassara halin da aka haifi mutum a ciki da abin da ya aikata a rayuwar da bai ma tuna ba. Ku duba abin da wannan bambancin ke yi wa labari. A duniyar alhaki, jaririn da aka haifa makaho bai yi komai ba, marubuci zai nemi ma'anar wahalarsa a wani wuri. A duniyar karma kuwa, wataƙila makantar ita ce babi na ƙarshe na wani labarin da ba a ba mu ba. Mugun sarki a duniya ta farko yana tsoron ranar hisabi. A ta biyu yana tsoron abin da zai zama. Ba tsoro ɗaya ba ne, ba kuma za su yi magana iri ɗaya ba in dare ya yi.

Haka lokaci. Mu mun saba da lokaci mai farko da ƙarshe, shi ya sa labaranmu ke gudu zuwa ga wata rana da za a yi ta ta ƙare. A lissafin Hindu zamani huɗu ne ke juyawa, Satya da Treta da Dwapara da Kali, na ƙarshen shi kaɗai shekara 432,000 ne, duka huɗun kuma shekara 4,320,000, in sun ƙare a sake daga farko. Wanda ya gina labari a kan wannan, nasarar jaruminsa ba ta dindindin ba ce, kuma dole labarin ya san da haka.

Sai abu na biyu, wanda har yau muna dariyar kanmu a kansa. Tsohon nan na kogon dutse, da ƙofofi bakwai, da fita daga jiki, mun rantse daga Indiya muka ɗauko su. Ashe gwanjo ne, gwanjon ma wanda ya bi ta hannu uku. A 1875 wata mata 'yar Rasha, Helena Blavatsky, da wani Ba'amurke, Henry Steel Olcott, da wasu abokansu suka kafa ƙungiyar Tiyosofi a birnin New York. Daga baya suka koma Indiya, suka kafa hedkwata a Adyar kusa da Madras, wadda yanzu ake kira Chennai. Blavatsky ta ce wasu ɓoyayyun malamai da ke yankin Tibet ne ke sanar da ita asirai. A littafinta The Secret Doctrine na 1888 ta cakuɗa kalmomin Hindu da na Buda da tsofaffin sihirce-sihircen Turai da labarin nahiyoyin da suka nutse, Atlantis da Lemuriya, ta fito da wani abu nata na kanta. Marubutan labaran al'ajabi na Ingila da Amurka suka samu rumbu. L. Frank Baum, mai littafin Oz, ɗan ƙungiyar ne. Talbot Mundy ya rubuta Om: The Secret of Ahbor Valley a 1924. Daga irin wannan hanyar siffar tsohon malami mai asiri a ƙwanƙolin dutsen Himalaya ta zauna daram a labaran Turawa, har ta iso fim ɗin Doctor Strange na 2016, inda likita ya tafi Katmandu aka tunkuɗo ruhinsa daga jikinsa. Daga can muka kwafo, ba daga wani littafin Hindu ba.

Ita ma cakra haka. Da Sanskirit ma'anarta ƙafar keke ko da'ira, kuma a littattafan yoga da tantra wasu cibiyoyi ne a jiki da mai zuzzurfan tunani ke tattara hankalinsa a kansu, adadinsu ma ya bambanta daga littafi zuwa littafi. Bakwai ɗin nan masu launin bakan gizo da ake gani a hotuna, a hannun Turawa suka samu wannan fentin a ƙarni na 20. Kafin kalmar ta iso gare mu ta cikin Naruto, ta zama wani abu kamar cajin waya, ya ƙare a huta ya cika. Mu kuma muka karɓa muka sa wa rawani.

Kada a fahimce mu baibai, ba muna cewa ba a taɓa yin abin da kyau ba. An yi. Wanda ya fi tsaya mana a rai shi ne Lord of Light na Roger Zelazny, wanda ya fito a 1967 ya kuma ci kyautar Hugo a shekarar da ta biyo. A cikinsa mutane sun yi ƙaura zuwa wata duniya, matuƙan jirgin da ya kai su suka mallaki na'urar da ke ɗauke mutum daga tsohon jiki ta zuba shi a sabo. Sai suka raɗa wa kansu sunayen allolin Hindu, Brahma da Shiba da Kali da Yama, suka riƙe na'urar. In ka tsufa ka zo neman sabon jiki, akwai ma'aikatan karma da za su binciki ƙwaƙwalwarka. In an same ka mai biyayya ka samu jiki mai kyau, in mai tsaurin kai ne a ba ka na mai ciwo ko na dabba, ko a bar ka ka mutu. Jarumin, Sam, ya yaƙe su ta hanyar farfaɗo da koyarwar Buda. Ka cire sake haihuwa daga wannan littafin, babu abin da zai rage, domin ita ce mulki, ita ce kurkuku, ita ce abin da ake yaƙi a kai. Mu kuwa da za a cire ta daga namu a ce jarumin suma ya yi aka ɗauka ya mutu, babu babin da zai girgiza. Nan muka gane ado muka yi da ita.

Robert Jordan ma, a jerin The Wheel of Time da ya fara a 1990, ya gina duniyarsa a kan lokaci mai juyawa da rayuka masu dawowa. Amma ya sa dawowar ta zama kaya a wuyan jaruminsa. Rand shi ne sake haihuwar mutumin da ya haukace ya kashe iyalinsa da hannunsa, kuma muryar wancan mutumin na cikin kansa tana magana. Mai karatu ba ya tsoron Rand zai mutu kamar yadda yake tsoron zai zama wancan. Wannan ce amsar tambaya ta biyu da dattijonmu ya yi: in ka rage wa mutuwa farashi, dole ka nemo wani abin da ya fi ta tsada ka ajiye a gaban jarumi. Mu ba mu ajiye komai ba.

Da muka koma wurin dattijon da wannan ɗan karatun namu, muna jiran yabo, sai ya ce mun yi nisan kiwo, mu koma gida mu buɗe Magana Jari Ce. Masana sun daɗe da nuna cewa akun nan mai ba da labari don ya tsare mutum kada ya fita, asalinsa daga wani tsohon littafin Indiya ne, Shuka Saptati, inda aku ke ba matar wani ɗan kasuwa labari dare saba'in don kada ta fita wurin wani namiji mijinta ba ya nan. Abubakar Imam ya ɗauki akun da dabarar tsarewar, ya mai da wanda ake tsarewa Musa ɗan sarki, ya zaunar da komai a fadar da Bahaushe zai gane. Kalila wa Dimna ma da malamanmu suka sani da Larabci, daga Panchatantra na Indiya ta samo tushe. Aro daga Indiya dai ba mu muka fara ba, an yi shi tun kafin a haifi iyayenmu. Sai dai Imam ya san abin da zai shiga jakarsa da abin da zai bari a can.

Akwai ɓangaren aƙida, ba za mu yi kamar babu ba. Mu Musulmi ne, ba mu yarda rai na ƙaura daga jiki zuwa jiki ba, kuma wasu masu karatunmu sun daina bin littafin tun babi na 21 saboda haka, a lokacin muka ce tsaurin ra'ayi ne. Hukuncin rubuta irin wannan sai malamai, ba namu ba ne. Abin da muka iya gani da idon marubuta shi ne, rubuta labarin mutanen da suka yi imani da wani abu daban yake da cusa abin a cikin gidan da ake salla a ce haka duniya take. Sannan akwai haƙƙin su masu addinin. Mutum sama da biliyan ɗaya ke bin addinin Hindu, abubuwan nan ibada ce a wurinsu, ba akwatin siddabaru ba. Mun san yadda ranmu ke ɓaci in fim ɗin Amurka ya saka kiran salla don kawai ya nuna mugaye sun kusa. Ba mu so mu zama masu yi wa wasu haka da jahilci.

Gyaran da muka yi daga bakin kakar ɗayanmu ya fito, ba daga littafi ba. Ana hira aka ba ta labarin matsalarmu, sai ta ce, "Au, ɗan wabi kuke nufi?" Ta ba mu labarin yadda a da, in mace na haihuwa 'ya'yan na mutuwa, akan ce ɗa ɗaya ne ke tafiya yana dawowa. Akan yi wa gawar alama don a gane shi in ya komo, akan kuma raɗa wa na gaba suna irin su Ajuji ko Ajefas, a nuna kamar ba a damu da shi ba ko ya zauna. Yarabawa na da abiku, Ibo na da ogbanje, kuma a kan abiku Ben Okri ya gina The Famished Road da ya ci kyautar Booker a 1991. Abin yana bayan ɗakinmu muka tafi Himalaya nemansa. Kuma wabi ba shi da lissafin karma a bayansa. Abin da ke bayansa uwa ce da ta gaji da binne 'ya'ya.

Muka yanke babi 22, aikin wata biyar. Mai tsara yaƙinmu ya kusa ficewa, don mafi kyawun yaƙe-yaƙensa na ciki. A sabon tsarin jarumin ya mutu, yana cikin kabarinsa, addu'ar uwarsa ta samu wurin zuwa. Shi ne kaɗai ya rayu a cikin 'ya'ya shida da ta haifa, tun yana jariri ake ce masa ɗan wabi. Bayan shekaru wani almajiri ya zo bara ƙofar gidan, da tsaga a kunne irin ta ɗanta. Ta riƙe shi ta ce shi ne ya dawo. Limamin gari ya ce mata babu wannan, ta ji ta ƙi ji. Ƙanin mijin da ya ci gadon ya tsorata, don ko ƙarya ce, in gari ya yarda ta zama gaskiya a kansa. Shi kuwa yaron ya san sarai ko shi wane ne, ya san garinsu da sunan uwarsa, amma bai taɓa kwana a ƙoshe ba sai a gidan nan. Aljanun ba mu kore su ba, suna nan, har sun fi da ƙarfi, don yanzu mun san dokar da suke bi da wadda ba za su iya karyawa ba.

Kusan rabin masu karatunmu sun tafi. Wata ta rubuto mana cewa mun mai da littafin yaƙi littafin tausayi, a dawo mata da mai tabon mashi. Ba mu ga laifinta ba, mu muka saba mata. Abokinmu ma bai sauka daga ra'ayinsa gaba ɗaya ba. Ya kwashe babobin da aka yanke ya ce zai gina musu duniyarsu daban, wadda ba salla ba liman, mai zagayen rayuka tun daga shafin farko, kuma sai ya karanta Bhagavad Gita da Mahabharata kafin ya sa alƙalami. Ya samo fassarar Turanci, yana ta fama, kullum yana ƙorafin yawan sunaye.

Mu kuma muna babi na 33, mun tsaya cak mako biyu ke nan. Tsohuwar na kwance ba lafiya, ta kira yaron da sunan ɗanta, ta ce ya matso ta yafe masa tafiyar da ya yi ya bar ta. Biyu daga cikinmu na so ya faɗa mata gaskiya kafin ta cika. Ɗaya ta ce in ya faɗa, ita ba za ta rubuta babin ba. Ranar Asabar za mu kai wa Baba ya ji.